Daga Tekun Atilantika zuwa Tafkin Gidimuni: Yadda iskar teku ke juya daminar Damagaram

Duk wanda ya bar birnin Damagaram ya nufi gabas a kan babbar hanyar da ke zuwa Gure da Diffa, bayan ya wuce Mirya zai yi ta ratsa rairayi da gonakin gero har kusan kilomita 70, kafin ƙasa ta gangara, itatuwan dabino su bayyana, ruwa ya shimfiɗe a cikin kwari. Nan ne Gidimuni, a gundumar Damagaram Takaya. Tafkin garin shi ne arzikinsa: a gefensa ake noman rani, ana samun rake da rogo da albasa da kabeji, masunta na kama kifi, makiyaya na shayar da dabbobi. A watan Disambar 2019 aka sanya shi cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Babu teku a Gidimuni, babu kuma a ko'ina cikin Nijar. Gaɓar teku mafi kusa tana can kudancin Najeriya, tafiyar kusan kilomita 1,000. Amma yawan ruwan da zai sauka a kan tuddan rairayin da ke kewaye da garin, ya tsiyaya ƙasa ya ciyar da tafkin, da ranar da manomi zai yi shuka, da farashin tiyar gero a kasuwa bayan kaka, duk suna da alaƙa da abin da ke faruwa a saman Tekun Atilantika watanni kafin damina ta kankama. Wannan iska da ke kawo ruwan, 'yar uwarta ce kuma ke kwashe kwale-kwalen matasan Afirka ta Yamma masu neman shiga Turai, ta yi tsakiyar teku da su.

Hadari daga gabas, danshi daga kudu

Kowane yaro a ƙasar Hausa ya san ta inda hadari ke haɗowa. Gabas ce ke yin baƙi, iska mai ƙura ta taso, a yi ta kwashe shanya da killace awaki, sannan ruwa ya kece. To amma a gabashin Gidimuni babu wani babban ruwa sai Tafkin Chadi, bayan shi kuwa sai hamada da duwatsu. Daga ina ruwan yake zuwa?

Amsar tana cikin wata iska da manoma suka sani tun kaka da kakanni, wato iskar bazara. Daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu ce ke mulki, busasshiya mai hazo, tana kaɗowa daga arewa maso gabas. Idan Afrilu da Mayu suka shigo, rana ta gasa Sahara, iskar da ke kan hamada ta yi zafi ta yi sama, sai ta bar gurbi a ƙasa. Iska mai nauyi da danshi da ke kwance a kan mashigin tekun Gini ce ke kwararowa don cike wannan gurbi, tana tahowa daga kudu maso yamma, ta bi ta kan Legas da Kwatano, ta haura Kaduna da Kano, har ta iso Damagaram. Ita ce ke sa gumi ya riƙa tsatstsafo wa mutum ko da yana zaune a inuwa, ita ce kuma ke zuwa tare da shamuwa, tsuntsuwar da ke yin rani a gabashi da kudancin Afirka, ta dawo ƙasar Hausa ta yi sheƙa idan damina ta gabato.

Inda iskar teku da iskar hamada suka yi karo akwai wata iyaka da masana yanayi ke bibiya kullum. A watan Janairu tana kusa da gaɓar teku. A watan Agusta takan kai har arewacin Agadez. Garin da iyakar ta wuce shi da nisa, shi ne ke samun ruwa.

Iskar tekun tana tafiya ne a ƙasa-ƙasa. A samanta, kimanin kilomita 3 zuwa 4 daga doron ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma. Idan zafin rana ya ɗaga danshin da iskar teku ta kawo, gizagizai suka taru, wannan iska ta sama ce ke tura su yamma. Shi ya sa ake ganin hadari na zuwa daga gabas, alhali ruwan da ke cikinsa daga kudu ya fito. Binciken da aka yi a yankin Yamai ya nuna cewa irin waɗannan manyan hadura masu tafiya a jere su ne ke ba da kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan shekara. A yankin Damagaram, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 da wani abu ba, rashin hadari uku ko huɗu kaɗai ya isa ya raba shekarar ƙoshi da shekarar yunwa.

Idan teku ya yi sanyi, Sahel ta samu ruwa

'Yan ci-rani da ke zaune a Legas, Kwatano, Lome, Akara ko Abijan sun san wani abu da ke faruwa daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta. Ruwan sama yakan ɗauke a bakin teku, gari ya yi lumshi, a ji sanyi-sanyi da safe, igiyar ruwa ta yi ƙarfi. A daidai wannan lokaci ne ake tsakiyar marka a gida. Abubuwan biyu tushensu ɗaya.

A watan Afrilu, zafin saman ruwa a mashigin tekun Gini yakan kai digiri 29 a ma'aunin Salshiyas. Daga watan Mayu, iskar da ke kaɗowa daga kudu maso gabas takan ƙara ƙarfi, ta ture ruwan sama mai ɗumi gefe, ruwa mai sanyi ya taso daga ƙarƙashi. Kafin Yuli ya ƙare, wani dogon zirin ruwa da ke bin layin da ya raba duniya biyu yakan sauka zuwa digiri 23 ko 24. Masunta a Ghana na jiran wannan lokaci, domin ruwan da ya taso yana ɗauke da abincin kifi, kuma a lokacin ne ake kama sadin da yawa.

Ga manomin Gidimuni, amfanin wannan sanyi shi ne yana ƙara tazara tsakanin sanyin teku da zafin hamada. Gwargwadon girman tazarar, gwargwadon ƙarfin da iskar damina za ta samu ta kutsa arewa. Wasu masana biyu na Faransa, Benjamin Sultan da Serge Janicot, sun nuna a 2003 cewa zirin ruwan sama ba ya hawowa arewa sannu a hankali. Yakan daɗe a bakin teku, sannan ya yi tsalle zuwa arewa cikin 'yan kwanaki, galibi wajajen 24 ga Yuni. Ruwan da ke sauka kafin wannan tsalle shi ne wanda ke yaudarar manoma: a yi shuka, gero ya tsiro, sai ruwa ya ɗauke mako biyu ko uku, iri ya ƙone, a sake nemo wani da tsada.

Akwai shekarun da ruwan sanyin ba ya tasowa yadda ya kamata, mashigin tekun Gini ya zauna da ɗuminsa. A irin waɗannan shekaru gizagizai kan tsaya su zubar da ruwansu a bakin teku, kudu ta yi ambaliya, arewa ta bushe. Shekarar 1984 na cikinsu.

Wa ya jawo farin 1973 da na 1984?

Tarihin ƙasar Damagaram cike yake da sunayen yunwa. Tsofaffi sun gaji labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya kai ƙololuwa a 1973, ya kashe dabbobi masu ɗimbin yawa, ya kori makiyaya zuwa sansanoni a bakin birane, kuma yadda aka tafiyar da kayan agaji na cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilun 1974. Shekara goma bayan haka aka shiga yunwar 1984, wadda a Nijar ake kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Tsakanin shekarun 1950 masu yalwar ruwa da shekarun 1980, ruwan sama a Sahel ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, Tafkin Chadi kuma ya janye ya bar kusan kashi ɗaya bisa goma na faɗinsa.

Da farko talakan Sahel aka ɗora wa laifi. A 1975 wani fitaccen masanin yanayi ɗan Amurka, Jule Charney, ya kawo bayanin cewa yawan kiwo da sare itatuwa sun tone ƙasa, ƙasar da ta zama fara tana mayar da hasken rana sama, hakan kuma yana hana gizagizai haɗuwa. Bayanin ya karɓu sosai, har ya zama abin da ake karantarwa a makarantu: makiyayi da mai saran itace su ne suka kori ruwa.

A 1986 wasu masana uku na hukumar yanayi ta Birtaniya, Chris Folland da Tim Palmer da David Parker, suka wallafa bincike a mujallar Nature da ya nuna wani abu daban. Shekarun fari a Sahel sun zo daidai da lokacin da tekunan kudancin duniya suka yi ɗumi fiye da na arewa. A 2003, Alessandra Giannini da abokan aikinta biyu suka ƙarfafa wannan a mujallar Science. Sun bai wa kwamfuta bayanan zafin tekunan duniya na shekaru da dama, ba tare da sun gaya mata komai game da sare itace ko kiwo ba, sai ga shi ta fitar da yawancin tarihin ruwan Sahel, har da raguwar da aka gani a shekarun 1970 da 1980.

Wasu binciken sun ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ta Arewa, musamman mai ɗauke da sinadarin farar wuta, ya taimaka wajen sanyaya arewacin Atilantika a wancan zamani, abin da ya ja zirin ruwan sama zuwa kudu. Tekun Fasifik ma yana da hannu. A shekarun da gabashinsa ya yi zafi, abin da ake kira El Niño, damina kan yi rauni a Sahel, kamar yadda aka gani a 1972 da 1982 zuwa 1983. Ɗumamar Tekun Indiya na rage ruwan, ɗumamar Bahar Rum kuwa na ƙara shi.

Wannan bai wanke sare itatuwa ba, domin ƙasar da ba ta da itace ba ta riƙe ruwan da ya sauka, rairayi kuma na samun hanyar binne gonaki da tafkuna. Sai dai mutanen da aka zarga su ne suka yi gyaran da duniya ke misali da shi yanzu. Daga tsakiyar shekarun 1980, manoman Maradi da Damagaram suka koma barin 'ya'yan itatuwa suna girma a gonakinsu, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ba ƙasa taki. Hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna cewa an farfaɗo da kimanin kadada miliyan 5 ta wannan hanya, da itatuwa wajen miliyan 200. Mai bin hanyar Mirya zuwa Magarya da Matamaye yana ganin su da idonsa.

Daga fari zuwa ambaliya

Tun daga shekarun 1990 ruwa ya dawo, amma da wata sabuwar ɗabi'a. Wani bincike da Christopher Taylor ya jagoranta, wanda Nature ta wallafa a 2017, ya gano cewa manyan hadura mafiya tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Dalilin da masanan suka bayar shi ne Sahara na ƙara zafi da sauri fiye da yankunan da ke kudu da ita, abin da ke ƙara wa haduran ƙarfi. Ga shi kuma duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana bai wa iska damar ɗaukar ƙarin danshi da kusan kashi 7 cikin 100. Ruwan da a da ke sauka cikin mako guda, yanzu yana iya zubowa cikin dare ɗaya, bayansa kuma a yi kwanaki ba ɗigo.

A 2023 zafin saman arewacin Atilantika ya kai matsayin da ba a taɓa aunawa ba, ya kuma ci gaba a haka har cikin 2024. Daminar 2024 ta haura arewa fiye da yadda aka saba, har aka ga tafkuna a cikin hamadar Maroko da Aljeriya. A Nijar, alƙaluman gwamnati sun nuna cewa ambaliya ta kashe kusan mutum 400, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi. An ɗage komawa makarantu daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, saboda wasu azuzuwan sun rushe, wasu kuma waɗanda suka rasa muhalli ne a ciki. Ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rufta bayan mamakon ruwa. Mako guda bayan haka madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, Maiduguri ta nutse. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta ce ɗumamar yanayi ta ƙara wa ruwan wannan shekara tsanani da kashi 5 zuwa 20 cikin 100 a yankunan Kogin Neja da Tafkin Chadi.

Ga gari irin Gidimuni da ke zaune a bakin kwari, kowane ɓangare na da haɗarinsa. Idan ruwa ya yi ƙaranci shekaru a jere, ruwan ƙarƙashin ƙasa na yin nisa, kanwa na ƙaruwa a ƙasar lambu, masu noman rani su sha wahalar ban-ruwa. Idan kuma ya zo da yawa a lokaci guda, yana cinye lambunan da ke kusa da tafki, ya kwaso rairayi daga tuddai ya zuba a ciki, ya kayar da gidajen ƙasa.

Ina hadarin yake zuwa bayan ya wuce?

Hadarin da ya yi ruwa a Gidimuni da la'asar ba ya tsayawa nan. Yana cikin wata igiyar iska da ke tasowa daga wajen duwatsun Habasha da Darfur, tana ratsa Sahel duk bayan kwana 3 zuwa 5, ta bi ta Yamai da Bamako, ta faɗa teku ta wajen Dakar. Kimanin irin waɗannan igiyoyi 60 ne ke fita daga Afirka a kowace shekara. Yawancinsu kan mutu a hanya. Amma idan ɗaya ta tarar da ruwan teku mai ɗumin da ya kai digiri 26 da rabi, kuma iskar sama ba ta yayyaga ta ba, sai ta fara juyawa, ta zama mahaukaciyar guguwa.

Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na manyan guguwoyin Atilantika daga waɗannan igiyoyi na Afirka suke farawa. Hugo ta 1989, da Andrew ta 1992, da Irma ta 2017 duk haka suka faro. A ƙarshen Agustan 2015 guguwar Fred ba ta ma yi nisa ba, ta afka wa tsibiran Cape Verde. A farkon Yulin 2024, Beryl ta ragargaza tsibirin Carriacou na ƙasar Grenada, ta kuma kai mataki na biyar, mafi ƙarfi, da wuri fiye da kowace guguwar Atilantika a tarihin da aka rubuta. Tun a 1990 masani William Gray ya nuna cewa shekarun da Sahel ta yamma ta samu ruwa sosai su ne shekarun da manyan guguwoyi suka fi afka wa gabashin Amurka. Ɗan Damagaram da ke aiki a Florida ko Texas, idan aka ce ya kwashe kayansa saboda guguwa, mai yiwuwa iskar da ta haife ta ta bi ta kan gonar mahaifinsa mako biyu da suka wuce.

Ƙura ma na yin irin wannan tafiya. Hazon hunturu da ke rufe Damagaram da Kano yawancinsa daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, inda tsohon gindin tafki ya bushe. Wani binciken hukumar NASA na 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara zuwa Atilantika a shekara, kimanin tan miliyan 27 daga ciki na sauka a dajin Amazon, inda take zama taki. Busasshiyar iska mai ƙurar kuma tana shaƙe guguwoyi tun suna ƙanana.

Iskar da ke ɓatar da kwale-kwale

A gaɓar Maroko da Muritaniya da Senegal, iska na kaɗawa daga arewa maso gabas kusan duk shekara, ruwan teku kuma na gangarowa daga arewa zuwa kudu kafin ya karkata yamma. Da wannan iska Christopher Columbus ya tsallaka teku bayan ya tashi daga tsibiran Kanari a Satumbar 1492, da ita kuma jiragen bayi suka riƙa kwasar 'yan Afirka zuwa nahiyar Amurka ɗaruruwan shekaru.

Kwale-kwalen da ya tashi daga Senegal zuwa tsibiran Kanari na ƙasar Spaniya yana da tafiyar kusan kilomita 1,500, daga Nouadhibou a Muritaniya kuma kusan 800, kuma duk tafiyar gaba da gaba yake yi da iska da ruwa. Don kauce wa jiragen sintiri, matuƙa kan yi nisa da gaɓa. Tsibirin El Hierro shi ne na ƙarshe ta yamma. Idan inji ya mutu, ko mai ya ƙare, ko aka kuskure tsibirin, babu sauran ƙasa a gaba sai nahiyar Amurka, tazarar fiye da kilomita 4,000.

Ranar 28 ga Mayun 2021, masunta a tsibirin Tobago da ke yankin Karibiyan suka tsinci wani kwale-kwalen Muritaniya yana yawo da gawarwaki fiye da goma. Binciken kamfanin dillancin labarai na AP ya gano cewa ya bar Nouadhibou tun watan Janairu, kuma aƙalla irinsa bakwai ne suka isa Karibiyan da Brazil a wannan shekara kaɗai. A Agustan 2023 an ceto mutum 38 kusa da Cape Verde daga wani kwale-kwale da ya bar ƙauyen Fass Boye na Senegal da mutum 101, bayan fiye da wata guda a teku. A Afrilun 2024 masunta a jihar Pará ta Brazil suka tarar da wani mai gawa tara.

A 2024 mutum 46,843 ne suka isa tsibiran Kanari ta ruwa, adadi mafi yawa da aka taɓa gani. Ƙungiyar Caminando Fronteras ta ce mutum 9,757 sun mutu ko sun ɓace a kan wannan hanya a shekarar. Masu safarar mutane kan yi tallar watannin Satumba zuwa Nuwamba a matsayin lokacin da teku ke kwanciya. Gaskiya ne iska na raguwa a lokacin, amma kwanciyar teku ba ta gyara injin da ya lalace, ba ta kuma ƙara ruwan sha a jarka.

Yawancin matasan Damagaram ba wannan hanya suke bi ba, sun fi nufar Najeriya da Libiya da Aljeriya. Sai dai abin da ke tayar da su sau da yawa rumbu ne da bai cika ba. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace.

Masu gadin teku

 A daminar 1974 ƙasashe da dama suka haɗa jiragen ruwa kusan 40 da jiragen sama a Dakar don nazarin iska da gizagizai a kan Atilantika. A wannan shekara aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai, ƙarƙashin ƙungiyar CILSS mai yaƙi da fari a Sahel. Cibiyar ACMAD, mai kula da hasashen yanayi na nahiyar Afirka, ita ma a Yamai take. Daga 1997, Faransa da Brazil da Amurka suka girka na'urori masu yawo a kan ruwa, an ɗaure su da ƙasan teku, a wani shiri da ake kira PIRATA. Suna auna iska da zafin ruwa da gishirinsa har zurfin mita 500, suna aika bayanai ta tauraron ɗan Adam. A 2006 kuma Yamai ta zama sansanin babban binciken AMMA kan daminar Afirka ta Yamma.

Amfanin auna teku shi ne ruwa ba ya sauya zafinsa da sauri kamar iska. Abin da aka gani a Afrilu yana ba da haske kan Yuli da Agusta, kamar yadda Hausawa ke cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A kan haka ne masana na yankin ke taruwa duk shekara wajen ƙarshen Afrilu, a taron da ake kira PRESASS, su fitar da hasashen damina: ko ruwa zai yi yawa ko kaɗan, ko zai sauka da wuri ko a makare, ko za a samu dogon tsaiko bayan shuka, da yadda koguna za su cika. Hukumar yanayi ta Nijar da NiMet ta Najeriya kan fitar da nasu na ƙasa.

Hasashen yana magana ne a kan yiwuwa, kuma a kan yanki mai faɗi. Ba zai iya cewa ranar kaza za a yi ruwa a Gidimuni ba, kuma yakan kuskure. Amma yana taimaka wa manomi ya zaɓi tsakanin iri mai saurin nuna da mai daɗewa, ya san ko ya yi binne ko ya jira, ya kuma taimaka wa mai gidan ƙasa ya yi yaɓe ya gyara indararo tun kafin marka. Babbar matsalar ita ce isar labarin. Sanarwar kan fito da Faransanci ko Turanci, cike da kalmomin masana, kuma sai gidajen rediyon karkara sun fassara ta kafin ta kai ga mai fartanya.

A nan ne ɗan birni da ɗan ci-rani ke da rawar takawa. Su ne ke da waya mai intanet, su ne kuma ke aika kuɗin iri da taki. Wanda ya karanta hasashen a watan Mayu, ya yi wa na gida bayaninsa da Hausa a saƙon murya ta WhatsApp, ya kuma aika kuɗin kafin ruwan farko maimakon bayan shuka ta ƙone, ya rage wa gidansu asara.

A Gidimuni, idan Mayu ya raba tsakiya, idanu kan koma sama. Ana duba ko shamuwa ta sauka a kan itatuwa, ana jin ko iska ta juyo daga kudu, ana leƙa gabas da la'asar. A daidai lokacin, can a mashigin tekun Gini, na'urorin PIRATA na auna ko ruwan sanyi ya fara tasowa.